Rawayan Fentin Baba

Babana ya shekara arba'in da ɗoriya yana sana'ar fenti, amma bai taɓa kankare bango ba sai bana. A wurinsa kankara aikin wanda bai yarda da hannunsa ba ne. Bango ya yi tabo, a ƙara shafi. Ya tsage, a cusa foti a ƙara shafi. Ya fara ɓarewa, a danne shi da buroshi a ƙara shafi. Tun yana saurayi abokan aiki suka laƙaba masa Ƙara-Shafi, sunan kuma ya bi shi har furfura. Umma ma in ya ɓata mata rai da shi take kiransa, shi kuwa ya amsa ko a jikinsa.

Mutum ne da ba ya riƙe sunan kowa, launin gidanka yake riƙewa. In ya ce mai koren get ya yi rashi, ko mai farin bene ya aurar da 'ya, mu ne za mu zauna mu gano wa yake nufi. Farcensa bai taɓa fita tas ba, kuma ko wanka nawa ya yi, in ya wuce sai ka ji ƙanshin tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi. Umma ta fentin da ke hularsa take sanin inda ya yini.

Gidanmu bai taɓa sanin fentin kanti ba. Duk inda Baba ya yi aiki, abin da ya rage a gindin gwangwani masu gida kan ce ya tafi da shi, shi kuma ba ya iya ganin fenti a ajiye ga bango yana zaman banza. Saboda haka launin gidanmu bin aikinsa yake yi. Shekarar da ya yi wa wani asibiti aiki, a cikin kore muka kwana muka tashi, har baƙi in sun shigo sukan rage murya. An yi lokacin da falonmu rabi shuɗi ne rabi ruwan hoda, don shuɗin ya ƙare a tsakiyar bango. Umma ta yi magana, ya ce ta riƙa zama ta ɓangaren da ta fi so. Ƙofar kicin ta yi ƙiba har ta daina shiga gurbinta. Yaya, wadda nake bi, ta rantse ɗakinmu ya fi haka faɗi da muna yara, kuma ba girman da muka yi ba ne: kabad ɗin da ya shiga ta ƙofar nan lafiya lau, ranar da za a kai mata shi gidan mijinta sai da aka kwance shi.

Da ciwon gwiwa ya sauko da Baba daga tsani mun zaci mu zai takura wa a gida, sai Allah ya kawo masa sabon aiki, ɗan Yaya. Yaya malamar makaranta ce, kullum da safe takan sauke yaron a wurinmu ta wuce. Tun da haƙoransa suka fara fitowa yake gwaguyar duk abin da bakinsa ya kai, rimot ne, ƙafar kujera ce, igiyar takalmi ce, shi ya sa muke ce masa Ɓera. Baba kaɗai ne ba ya kiransa haka. Shi Abokina yake ce masa, yaron ma kafin ya iya cewa Mama, "Aboki" ya fara iyawa. Mazauninsu tagar falo mai kallon titi. Baba na kan kujera yana kushe fentin motocin da ke wucewa, Ɓera na tsaye a kan benci ya dafa katakon tagar yana amsa masa da yarensa.

Ni kuwa na gama jami'a na dawo gida jiran aiki. A gidanmu ni ce matsoraciya. Ni ke komawa in duba gas bayan an kashe, ni ke karanta takardar cikin kwalin magani har in ji duk abin da aka ambata ya kama ni. Baba ya ce digirin nawa a fargaba na yi shi. Don haka ranar da na ga leɓen Ɓera da launi-launi, na sa yatsa na zaƙulo ɓawon fenti daga bakinsa, shuɗi ta sama, rawaya ta ƙasa, ba wanda ya motsa daga inda yake zaune. Baba dariya ya yi, ya ce abokinsa ya san abu mai kyau, fentin mai ya zaɓa ba na ruwa ba. Na duba katakon tagar, na ga sawun haƙora a jere kamar an yi masa ado.

Na shiga ɗaki na karanta abin da na karanta a waya. Da Yaya ta zo ɗaukarsa na tare ta a ƙofa. Na zaci za ta yi min dariya kamar kowa, sai na ga ba ta yi ba. Ashe kwanan nan yaron ba ya son abinci, yana yawan riƙe ciki, ga rigima ba dalili, ita kuma ta ɗauka haƙori ne. Aka kai shi asibiti aka ɗebi jini. Likita ya ce akwai gubar dalma a jininsa fiye da yadda ya kamata. Bai kai a kwantar da shi ba, amma dole a raba shi da inda yake samunta, yau ba gobe ba. Ya ce tsohon fentin mai yakan zo da ita, tana da ɗan zaƙi a baki shi ya sa yara ke naci, kuma a ƙwaƙwalwa take ɓarnarta, a hankali, ba zazzaɓi ba kuka. 

Mijin Yaya bai ja zance ba. Ya ce ɗansa ba zai sake taka gidanmu ba sai an cire fentin kaf, an auna an ce ba saura. Kafin nan gidan iyayensa za a riƙa kai shi.

Nan ne abin ya fi yi wa Baba ciwo. Mahaifin mijin Yaya, Baba Direba, tsohon direban bas ne, gidansa na bayan layinmu. Shi da Baba tare suka tashi, kuma tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ko da za a yi ruwa ne ko ba za a yi ba. Auren 'ya'yansu bai gyara komai ba, ƙara musu abin yi wa juna gori ya yi. Ba a daɗe da mayar da Ɓera can ba Direba ya aiko a gaya wa Ƙara-Shafi ya kwantar da hankalinsa, yaro ya daina cin bango ya koma cin abinci irin na mutane. Muka kasa kunne jiran amsa, don Baba ba ya kwana da magana a ciki.  Washegari na same shi tsaye a gaban tagar, ya ɗora hannu a kan sawun haƙoran.

"Auta," ya ce, bai juyo ba, "me wayar taki ta ce a yi?"

Wayata ta faɗi abubuwa da yawa, wasu na ƙaryata wasu, sai na je ofishin lafiya na nemo duba-gari, wata mata mai ƙaramin jiki da ƙatuwar jaka. Ta sa wuƙa ta yanki katakon tagar a karkace, sai ga shafe-shafen Baba sun fito ɗaya kan ɗaya kamar an yanka albasa. Ta ciro wani ɗan tsinke mai auduga a kai, ta ce in ya taɓa dalma zai rine ya koma ja. Ta goga a na sama, ba komai. Ta yi ƙasa, ba komai. Da ta kai rawayan da ke can ƙarshe, manne da katako, audugar ta yi jawur. Ta bi gidan ɗaki-ɗaki. Rawayan na jikin duk tagogi da ƙofofi, da rabin bangon falo na ƙasa.

Baba ya gyara murya ya tambaya ko ba za a ƙara shafi ba. Ta ce a wasu wuraren ana yin haka, in tsohon fentin na nan daram bai motsa ba, sai a rufe shi da sabo mai ƙarfi. Baba ya juyo ya dube ni, ya dubi Umma, kamar wanda kotu ta wanke. Sai ta ƙarasa, ta ce amma ba a bangon da ke ɓarewa irin wannan ba, ba kuma a taga da ƙofa masu gugar juna suna zubar da gari ba. Ya ce to zai aro wutar gas wurin mai walda, kafin la'asar ya babbake komai. Ta ce hayaƙin ya fi ɓawon illa, kuma shi zai fara shaƙa. Ya ce injin sanfefa mai goge fenti fa? Ta ce ai ƙurar ce ainihin gubar, in ta shige labule da katifa da tsagar daɓe, shekara da shekaru tana nan. Abin da ya rage shi ne a jiƙa, a kankare da hannu, a kwashe tun yana da danshi. Katako kuma a shafa masa maganin da ke narkar da fenti, taga a buɗe, hannu cikin safar roba. Ta bar mana sauran tsinkayen, ta ce in mun gama mu kira ta.

Har ta kai ƙofa ta juyo ta dubi gemun Baba. Ta ce takunkumin wannan aikin na roba ne mai matacin iska, ba irin na ƙyalle ba, kuma ba ya kama fuska in da gemu, ƙura za ta bi ta gefe.

Umma ba ta taɓa ganin haɓar Baba ba. Da gemunsa ta aure shi. Da ya dawo daga wurin mai aski ya yi sallama, ta leƙo ta ce mai gidan ba ya nan. Da ta gane shi, dariya ta zaunar da ita a bakin ƙofa, ta ce da ta san haɓar ba ta wuce haka ba da ta ƙara tunani. Baba ya ce ta yi ta gaji, ba don ita ya aske ba.

Muka fitar da kayan falo kaf, muka shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa muka liƙe gefenta da salatif, muka toshe ƙofar da ke shiga cikin gida da wata ledar. Umma aka killace ta a kicin da ɗakin baya. Abin da ya fi ƙona mata rai tsintsiya. Umma kafin ta amsa gaisuwarka da safe ta share inda kake tsaye, ga shi an ce shara a bushe tayar da ƙurar take yi, sai dai jiƙaƙƙen tsumma. Na tattara tsintsiyoyinta na ɓoye a bayan tankin ruwa. Ta ce ta haifi 'ya ta yi mata juyin mulki. Shi ma Baba bai tsira ba, an hana shan shayi a wurin aiki, shi da bai taɓa riƙe buroshi ba sai da kofi a gefe. In za mu fita sai mu tuɓe kayan aiki a bakin leda, mu jiƙa su a bokiti na dabam, mu wuce wanka kafin mu taɓa ko cokali.

Ni ce mai feshi, shi ne mai kankara. In fesa ruwa da kwalbar feshi, ya sa makankari ya turo, ɓawon ya faɗo a jiƙe, mu tattara a leda mu ɗaure, mu sake sawa a wata ledar. Cikin takunkumin nan mai hanci biyu, mu biyun kamar manyan ƙudaje. Aikin bai kamata ya ja haka ba. Ya ja, domin Baba ba ya iya wuce shafi bai gaishe shi ba.

Makankari na buɗe sabon launi zai tsaya. Wannan ruwan tokar na wani banki ne, manajan ya yi ta sa ana sakewa wai ya yi kama da hadari. Wannan shuɗin na ofishin ruwa ne, shekarar da aka haifi Yaya, yana kan tsani aka zo aka gaya masa, ya sauko da ƙafa ɗaya a cikin gwangwani. Ruwan hodan na shagon wata mai gyaran gashi ne da ta so ta aure shi, in ji shi. Umma daga bayan leda ta ce matar ko sunansa ba ta riƙe ba. Muryarsa na fitowa ta takunkumi kamar daga cikin rijiya, in na ce me ka ce, sai ya koma farko. Ni kuwa hankalina na wurin Ɓera. An sake auna jininsa, dalmar ba ta hau ba, amma ba ta sauka yadda likita ya yi tsammani ba, ya ce a ƙara jira. Ni ban iya jira ba. Na ce wa Baba duk labarin da ya tsaya bayarwa ƙara wa abokinsa zaman gidan Direba yake yi. Ya ce ya ji. Ya yi shiru na tsawon rabin taga, sannan ya ci karo da koren asibiti.

Rawayan kaɗai ne bai taɓa ba da labarinsa ba. In ya kai kansa sai ya tsuke baki ya kankara da ƙarfi kamar mai jin haushin wani. Ranar da muke kan ƙofar falo, maganin ya narkar da na sama duka a tare, rawayan ya fito fili kamar jiya aka shafa. Baba ya ja da baya ya tsaya kallonsa. Ya ce komai laifinsa a faɗi gaskiya, bai taɓa riƙe fenti irin wannan ba. A buroshi kamar man shanu, shafi ɗaya ya rufe, rana ba ta cinsa, ruwa ba ya cinsa. Na garejin kamfanin bas ne. Direba ne ma ya samo masa aikin, alheri ɗaya tilo da ya taɓa yi masa a duniya. Da aka gama, ganga guda ta rage aka ce su ɗauka.

"Muka raba ta biyu," in ji shi, "har ya tayar min da rigima wai nawa ya fi..."

Makankarin ya tsaya a hannunsa. Ni ma na daina feshi. Ina jin ruwa na ɗiga daga bakin kwalbar a kan leda.

"Baba, kuka raba? Shi me ya yi da nasa?"

"Bai iya riƙe buroshi ba a lokacin. Ni na shafa masa. Tagogi da ƙofofi."

"Ai gidansu ruwan ƙasa ne."

"Daga baya ya ɗora wannan da kansa, wai ya nuna min fenti ba sana'a ba ce. Tun ranar ban ƙara kallon bangonsa ba, don kar idona ya lalace."

Na zauna a kan bokiti. Duk makonnin nan muna nan muna kankara, ashe mun ɗauke yaro daga rawaya mun kai shi rawaya. Ga kuma wasu jikokin Direba uku da ke zaune a gidan, ƙaramarsu rarrafe take yi.

Baba ya nufi ƙofa yadda yake, da kayan aiki, ɓawon fenti har a gira. Ban san inda na samo ƙarfi ba, na riga shi bakin leda na ware hannuwa. Na ce in ya shiga cikin yara a haka, guba zai kai musu a kan guba. Ya ce in matsa. Na ce sai ya yi wanka. Tun da aka haife ni ban taɓa tare wa Baba hanya ba. Kuka nake a cikin takunkumi, hawayen na taruwa a haɓata ba inda za su fita. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya soma ɓalle maɓallin riga.

Kafin mu fito Umma ta kira Yaya, waya a kashe, tana aji. Ta kira Direba ta ce a janye yara daga jikin taga da ƙofa. Ya ce ta gaya wa mijinta in kewar yaro ke damunsa ya zo ya leƙa ta katanga, ba sai ya ƙirƙiro wa gidan mutane cuta ba.

A baranda muka same shi yana sauraren rediyo. Ya amsa sallamar Baba da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo, ya tambaye ni wane ne wannan. Da ya gane, sai da ya kashe rediyon don ya ji daɗin dariya. Ya ƙwala wa matarsa kira ta zo ta ga abin da gemu ya rufa wa asiri shekara da shekaru.  Baba ya wuce wurin tagar falo ya durƙusa a kan gwiwar nan tasa, ya ciro wuƙa ya yanki katakon a karkace yadda ya ga duba-gari ta yi. Ruwan ƙasa a sama, siriri. Ƙarƙashinsa rawaya. Na miƙa masa tsinke, ya goga, ya ɗaga wa Direba audugar a gaban ido.

Direba ya san ma'anar jan, don har gorinsa ya yi mana. Dariyar ta ɗauke. Matarsa ta dafe ƙirji, ta ce tun da likita ya yi magana karas take ba yaron ya gwaguya, ido kuma ba ta ɗaukewa daga kansa, amma kwanan nan ta ga wani sawu a gindin ƙofar baranda ta ɗauka ɓeran gaske ne.

"Na garejin ne," Baba ya ce. "Ni na shafa maka da hannuna."

Direba ya daɗe yana kallon tagar. Na shirya jin tsiyar da za a shekara ana maimaitawa.

"Ni na ɗauko gangar a bayan bas," ya ce. "Ni na tsare ka na ce ba inda za ka sai ka yi min ƙofofi. Kar ka zo nan ka kwashe laifin kai kaɗai. Komai sai ka nuna ka fi ni."

Ana haka Ɓera ya fito daga ciki da guntun karas a hannu. Ya ga wani mutum a durƙushe, fuska fayau, ya ɓuya a bayan kakarsa. Baba ya ce, "Abokina, ni ne." Yaron ya leƙo, ya matso da dabara, ya shafa haɓar yana neman abin da ya saba ja, bai samu ba. Sai ya kama kunne.

A nan tsofaffin suka tsayar da shawara ɗaya, ko da yake kowannensu ya ce tasa ce. A ranar aka kwashe yaran duka huɗu zuwa gidan hayar Yaya, sabon gini ne amma ɗaki biyu kacal, Umma da matar Direba suka riƙa zuwa raino suna karo da juna a kicin. Aka kai sauran ukun asibiti. Su ma an samu, kaɗan, ba kamar Ɓera ba. Gidanmu da aka riga aka ci rabinsa za a fara gamawa, yaran su dawo nan, sannan a shiga na Direba. Washegari sai ga Direba a ƙofarmu, shi ma fuska fayau, ya ce duk wanda ya yi dariya zai juya gida. Umma ta shige kicin ta cusa bakin mayafi a baki.

Direba ya karɓi kwalbar feshi daga hannuna, ni aka mayar da ni mai ɗaurin leda da goge-goge. Aiki ya yi sauri, domin duk labarin da Baba ya ɗauko Direba zai ce yana wurin, kuma ba haka aka yi ba, Baba ya fusata ya huce a kan bango. Da muka gama na bi gidan da jiƙaƙƙen tsumma daga sama zuwa ƙasa, na zubar da ruwan inda duba-gari ta nuna, na sake bi, na kuma sakewa, har Umma ta ce siminti zan cire. Ƙullin ɓawon ba a juji muka zuba ba, motar ofishinsu ce ta zo ta kwashe. Duba-garin ta dawo riƙe da jakarta, ta shafi daɓe da bakin tagogi da wasu 'yan ƙyallaye ta tafi da su awo. Kwanakin jiran ban ci abincin kirki ba. Da ta kira ta ce gida ya fita, ba sauran dalma, sai da na sa ta maimaita, sannan na miƙa wa Umma wayar ita ma ta ji, kar a ce kunnena ne.

Aka shafa sabon fenti wanda na karanta jikin gwangwaninsa har na haddace. Mijin Yaya ya zo ya zagaya, ya shinshina bango kamar hanci zai gaya masa wani abu, ya ce to, a kawo su.

Yanzu yara huɗu ne a gidanmu, da uwar ukun. Direba da matarsa suna ɗakin bayan gidansu, an toshe su da leda yadda aka yi wa Umma. An sake auna jinin Ɓera, dalmar ta fara sauka sosai, likita ya ce a dage da abinci mai gina jiki, a dawo awo nan gaba. Ɓera ya ƙara kalmomi, yawancinsu na tsiwa ne, daga bakin Direba ya kwaso. Duk sabuwar kalmar da ya faɗa sai in ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Amma ban warware ba. Har yau in na ga yaro ya yi shiru a lungu sai na je na ce ya buɗe baki, ko a gidan mutane ne. Kwanan baya na je ganawar neman aiki, ana yi min tambaya idona na kan tagar ofishin da ke ɓarewa, har mai tambayar ya waiwaya ya duba.

Baba kan fita da safe zuwa gidan Direba, ya dawo da la'asar ta ƙofar baya, ya tuɓe, ya yi wanka, sannan ya shigo falo. Kafin ya zauna sun hau shi, ɗaya a wuya, ɗaya a gwiwar da aka ce a lallaɓa, Ɓera na ture su yana cewa nasa ne. Baba ya yi ta ƙorafi, wai shi aboki ɗaya ya nema aka sauke masa bas guda.

Jiya Direba ya biyo shi, ya zauna ya sha shayinmu, sannan ya kawo ƙara wurina. Ya ce in zo in ga abin da ubana ke yi masa. Gidansa shafi biyu ne kacal, ruwan ƙasa da rawaya, amma mutumin nan ya samo wa kowace taga tarihi, ya kankari tafin hannu ɗaya ya tsaya ba da labari, ko an ƙaryata shi ba ya fushi. In aka bi ta tasa, yaran nan a gidanmu za su yi aure. Ya ce an gaya masa ni kaɗai ce ke iya tare masa hanya, in yi magana.

Na dubi Baba. Ƙaramar jikar Direba ta yi barci a ƙirjinsa, Ɓera na zaune a ƙafarsa ya hana kowa matsowa. Baba ya ce aikin dalma ba a yi masa gaggawa, a tambayi duba-gari.

Na juya wurin Direba na ce gaskiyar Baba ce, haka ta ce.